Sunan da Dutsen Guga Ya Cinye

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba game da mutumin da ya riga mu gidan gaskiya. Amma akwai alkawarin da ban cika ba, shekaru kuma sun ja.

A lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira, ɗinki nake yi a Keffi, a wata rumfa kusa da tasha. Kullum da safe nakan sayi ƙosai wurin wata dattijuwa da muke kira Inna, ita kuma ta ƙunshe mini a tsohuwar takarda. Wata rana na gama ci, zan yar da takardar, sai idona ya faɗa kan wani zane: direban jirgin ƙasa mai gashin baki, rabin fuskarsa baƙi ƙirin, ya damƙe birki. Kai! Hannun nan kamar zai fito ya cafke ni. Shafi ne daga littattafan nan na Turawa masu ba da labari da zane gida-gida, maganar kowa a rubuce saman kansa.

Daga ranar na zama mayen ƙosai. Inna har tsiya take yi mini: "Tela, ƙosai kake ci ko takarda?" Ina tara shafukan a gwangwanin zare. Turancin bai shiga kaina sosai, amma ɗinki ya koya mini gane hannu. Na lura mutum biyu ne suka zana littafin. Ɗaya layinsa siriri, tsaf-tsaf. Ɗayan kuwa, gwanina, ba ya tsoron baƙi, ruwan samansa a karkace yake sauka, yatsun mutanensa kamar saiwar rogo.

Ran nan wata babbar mota ta shigo daga Garaku. A bayanta an zana wani ƙato yana kokawa da kada, rabin fuskarsa baƙi, yatsunsa irin na gwanina sak! Na bar wandon mutane a kan keke na bi direban da tambaya. Ya ce wani mai fenti ne ɗan kudu, a Angwan Iya.

Na same shi yana rubuta allon shagon aski. Na baje masa shafukana, ina gudun kada ya ɗauka ɓarawo nake kiran sa. Sai ya kwashe da dariya.

"Tela, ka kama ni! Wannan mutum malamina ne, ko da yake ban taɓa ganin sa ba. Shi ya koya mini cewa ba dole ka zana fuska duka ba, ka bar wa inuwa rabi."

"To Oga, ashe kwafa kake yi?"

"Dubi ƙafa," in ji shi. "Mutanensa duk takalma gare su. Nawa ƙafa na ’yan dakon tasha ne, har da faso. Hannu nasa ne, ƙafa tawa ce."

Sannan ya ce abu ɗaya ke damun sa, bai san sunan malamin ba. A shafin farko ake sa sunan, can ƙasa, shi kuma bai taɓa samun littafi mai shafin farko ba. Nan take na yi masa alkawari zan nemo.

Na roƙi Inna ta bar ni in bincike tulin takardunta, amma babu. Sai bayan makonni, ga shafin farkon a hannuna, da ƙosai mai zafi a ciki! Mai ya jiƙe ƙasan shafin, rubutun baya ya haɗe da na gaba, sunan ba ya karantuwa. Da na kai masa haka nan, da wataƙila ya gane. Amma na ga rashin ladabi ne in kai sunan malami cikin maiƙo. Mu teloli idan mai ya taɓa yadi, takarda muke shimfiɗawa a kai mu bi da dutsen guga, ta tsotse. Na zuba gawayi, na hura, na ɗora. Da na ɗaga, ƙasan shafin ya zama toka.

Kwana uku ina kewaye Angwan Iya kafin na iya shiga. Mai fentin ya duba shafin, ya dube ni, ya yi dariya har da hawaye.

"Tela, ka goge malamina har lahira!"

Ya manna shafin a bangon shagonsa a haka. Bai taɓa yi mini gori ba har ya rasu, ni ne na kasa yafe wa kaina.

Don haka nake roƙon masu karatu. Duk wanda ya taɓa ganin littafin direban jirgin ƙasa mai gashin baki, wanda a shafin farko yake tsaye kan gada ruwa na dukan sa a karkace, don Allah ya duba ƙasan shafin ya sanar da ni sunan. ’Ya’yan mai fentin suna nan, ɗaya ma ya gaji sana’ar, shi zan kai wa.