Shekarar da Aka Riƙa Kawo Mini Gyaɗa

Ɗazu jikata take tambayata kwas ɗin da za ta zaɓa a jami'a, sai na tuno kaina a zaurenmu na Gafasa, cikin shekarun saba'in, na durƙusa a gaban Baba.

Ya ce, "Me za ka je ka karanta?"

Na ce, "Hulɗa da jama'a, Baba. Yadda kamfani zai yi wa mutane magana su fahimce shi."

Ya dube ni ya ce, "To, mu da muke gaisawa da mutane tun asuba, wa ya koya mana?"

Washegari ya zagaya da ni gidajen dattawa neman albarka, kamar yadda ake yi wa matafiyi. Duk inda muka shiga sai ya ce, "Karatun malamin gona zai tafi." Ni kuwa wane ni in ƙaryata mahaifina a gaban mutane?

Hutuna na farko ya zo daidai da damunar da ciwo ya kama gyaɗa. Aka riƙa sallama da ni, kowa da tushen gyaɗarsa a hannu, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya. Wani tsoho tun daga Ajingi ya tako. Na jujjuya ganyen, na mayar masa da abinsa ba magani.

Gari ya ɗauka rowar ilimi nake yi. A ɗaki na ƙarasa hutun, ina jiyo hirar abokaina ta bayan danga, ba mai leƙo ni.

Na tsufa ina fahimtar da jama'a manufar kamfanoni, amma har Baba ya rasu ban iya fahimtar da shi aikina ba. Allah ya jiƙansa.

Ku fa, iyayenku sun san abin da kuka karanta kuwa?