Ranar da Na Ji Tsoron "An Kawo Wuta"

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da warin nan ba. Bayan azahar ne, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga falon kakata. Daga uwar ɗaka ta ɗaga murya: "Ke ja'ira, ɓera ya mutu a ɗakin nan kina zaune?" Na miƙe ina dariya. Ina isa bakin ƙofa dariyar ta ɗauke, don ban da warin akwai wani siririn huci daga bayan ƙofa, inda muke ajiye koriyar tukunyar gas.

Bari in faɗa muku yadda tukunyar ta shigo gidanmu. A shekarar ne aka hana gawayi, wai don a ceci daji. Ana tare motocin da ke tahowa daga wajen Zugurma ana sauke buhuna, gawayi ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa. Ni ban ce a ƙarar da itatuwa ba, na yi sakandare, na san abin da sare daji ke jawowa. Da rediyo ya ce an ware kuɗi masu yawa a kasafin gwamnati don saya wa mata tukwanen gas, har murna na yi.

Ranar rabo mun tsaya a rana tun hantsi, manya suna ƙarƙashin rumfa da korayen huluna, wannan ya gama jawabi wancan ya karɓa. An yi magana a kan ɗumamar yanayi har muka ji jiri, amma ba a samu mutum ɗaya da ya nuna mana yadda ake kunna abin ba, balle abin yi in ya lalace. Da layi ya zo kaina na tambayi mai miƙawa, "Yallaɓai, in ta yi yoyo fa?" Ya ce, "Sabuwa ce dal. Ke dai yi murmushi a ɗauki hoto." Na yi murmushin. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

To ga ni a bakin ƙofa, ga kakata Inna a ciki, ita da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya tashi. Babu wata hanyar fito da ita sai ta falon. Na murɗa makunnin tukunyar, a kashe yake, hucin bai daina ba. Na yi niyyar ɗaukar tukunyar, na ji tsoron kada ta fashe a hannuna. A bayan katanga kuma maƙwabciyarmu tana suyar awara da itace.

"Anti! Kashe wutar nan!"

"Wace wuta? Yanzu fa man ya yi zafi."

"Gas ne yake zuba! Don Allah, Anti!"

Na ji ƙarar ruwa a kan garwashi, na ji salatinta. Na toshe hanci da mayafi na kutsa ciki. Inna ta dube ni ta ce, "Fita abinki, ni na ci zamanina." Na juya na cicciɓe ta a baya. A nan ne idona ya kai kan ƙwan lantarkin falon. Kwana biyu babu wuta, kuma kamar kowane gida a unguwar, mun bar makunninsa a kunne don mu san in an kawo. Mazaunin ƙwan ya daɗe da lalacewa, duk lokacin da wuta ta dawo sai ya yi tartsatsi kafin ya kama. Abu ɗaya da na riƙe daga ajin kimiyya shi ne tartsatsi ɗaya ya isa.

Ina tsakiyar falon, Inna a bayana, sai aka ɗauki ihu daga tsallaken titi: "An kawo wuta! An kawo wuta!"

Tun ina yarinya nake tsalle in na ji wannan ihun. Ranar ban yi tsalle ba. Na tsaya ina kallon ƙwan, ina jiran ya yi abin da ya saba. Bai kama ba. Ashe Anti ta zagayo da gudu ba ko takalmi, ta fizge fis ɗin wutar gidan da ke zaurenmu. Muryarta ce ta dawo da ni: "Fito mana, me kike kallo!"

Ita ta je ta kira dattijon da ke ɗura gas a bakin kasuwa. Ya fitar da tukunyar fili, ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa mata. Kumfa ta dinga tashi daga gindinta. Ya sa mukulli ya kankare koren fentin, sai ga tsatsa jawur a ƙasa. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, wannan tukunyar ta girme ki. Fenti kawai aka yi mata."

Wato ɗan kwangilar da aka ba aikin tsofaffin tukwane ya kwaso ya shafe. Wani ya duba ya sa hannu cewa sababbi ne. An raba mu da gawayi, an ba mu abin da zai tashi da mu, an kuma sa mu murmushi a kai. Gida nawa aka kai wa irinta? Har yau babu wanda ya zo ya tambaya.

Ana kiran la'asar dattijon ya shiga falon ya shaƙi iska, ya fito ya ce, "Ku shiga, iska ta kwashe gas ɗin. Kun tsira." Sai a lokacin na zube ƙasa ina kuka, Inna tana shafa kaina da hannunta mai lafiya. Shekaru sun wuce, amma in aka yi ihun kawo wuta gabana sai ya faɗi. Daga wannan la'asar na koyi cewa duk abin da aka miƙo mini da sunan kasafi, haƙƙina ne, ba alfarma ba, kuma sai na kankare fentin kafin in yi godiya.