Injin Jirgin Kawu a Reshen Darbejiya

Har yau idan na ji warin ƙonannen baƙin mai, zuciyata tashi take yi. Kawuna ne ya jawo mini wannan, ko da yake ni ma da hannuna a ciki.

Kawu masunci ne a madatsar ruwa ta Daberam. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya sayi wani tsohon injin jirgi, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale. Ni kuwa gyaran injin ban-ruwa da janareta nake yi a Daura, kuma a lokacin ina ganin babu injin da zai gagare ni.

Wata safiya cikin bazara sai ga shi a kan babur, rungume da injin. Ya ce tun jiya da yamma ya kafa ragarsa a can ƙetaren ruwa, yau kuma injin ya ƙi tashi, bayan kwana da kwanaki yana hayaƙi. Karfasa, kifin da yake kamawa, ba ta jimre zafi. In ta mutu a raga, kafin rana ta karkata ta lalace. Niyyarsa ya bar mini injin ya koma ya tuƙa da filafili. Ni na hana shi. Na ce ya zauna ya sha ruwa, aikin awa guda ne.

Da na kwance fulogi sai na ga ya yi baƙi ƙirin, yana naso. Na buɗe kafireta, wani abu mai yauƙi ya zubo mini a hannu kamar miyar kuka da ta kwana uku. Warin kuwa, sai da na tofar da yawu. Irin wannan injin ana haɗa masa fetur da mai na musamman ne, bisa awo. Na tambayi Kawu me yake zubawa. Ashe baƙin man da ake juyewa daga motoci yake roƙowa a gareji, ya tuttula a tanki da ido.

"Tsoho ne ai, ɗan nan," in ji shi. "Tsoho sai da maiƙo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi masa faɗan da bai kamata ɗan ƙanwa ya yi ba, a gaban mutane. Na ce wannan ƙazanta ce, ko jaki ba a yi masa haka.

Awa guda ta zama uku. Na wanke tanki da kafireta, na sa sabon fulogi, na haɗa mai yadda ya dace. Daga nan na ɗaure injin a reshen darbejiyar da ke gaban rumfata, na ja igiya. Ja na uku ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe layin, mai ƙosai ta tashi tana tsaki. Na bar shi yana ta ruri, ina ƙara masa wuta don ya ƙone dattin da ya saura, farfela tana juyi a iska. Na daɗe ina haka, ina kallon Kawu ta wutsiyar ido don ya san an zo wurin masu aiki.

Bayan azahar muka isa bakin ruwa. Ja ɗaya injin ya tashi. Muna tsakiyar dam sai na ji ƙauri, murfin ya ɗau zafin da ba a taɓawa. Injin ya yi tari, ya mutu. Igiyar ma ta ƙi jawuwa.

Wani dattijon masunci ya matso da kwalekwalensa. Ya sunkuya ya dubi ƙaramin ramin da ke gefen injin, ya ce nan ruwa ya kamata ya riƙa tsartuwa. Injin jirgi ta ƙasa yake zuƙo ruwan da ke sanyaya shi, wata ƴar roba ce ke turo shi sama, kuma in aka tayar da shi a busasshe nan take robar ke ƙonewa. Ya dube ni ya ce, "Malam, a cikin wace durom ka gwada shi?"

Kawu ne ya amsa, a hankali. "A bishiya."

Filafili ɗaya gare mu, ga iska tana turo mu baya. Ni na tuƙa har tafin hannuna ya yi bororo. La'asar ta wuce kafin mu kai ga ragar, kuma tun daga nesa warin ya tare mu. Karfasa ce maƙil, rabon da Kawu ya ga irin wannan kamu an daɗe. Duk sun kumbura, idanunsu sun yi fari, ka taɓa ciki ya fashe.

Kawu ya miƙa hannu zai fara cirewa, na ce ya bari. Ɗaya bayan ɗaya na zare su ina jefarwa, ina kau da kai ina kakarin amai. Shi kuma yana zaune yana naɗe ragar. Da na gama sai ya ɗebo ruwa da ƙwarya ya zuba mini a hannu, hannun da na yi ta nuna shi da shi da safe ina kiran ƙazanta.