Tanko da Fankar da Ya Juya

Idan ka taɓa zama a Gyaɗi-Gyaɗi kafin a cika ta da shaguna, ka ji ƙwanƙwasar gudumar Tanko ko ba ka ga fuskarsa ba. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka in na zolaye shi a nan kada wani ya ga laifina. Maƙerin gwangwani ne: mazurari, rariya, indararo, bututun hayaƙin masu gidan burodi. Gajere ne, ga taurin kai, ga tausayi har ya yi masa yawa.

A 1975 ina tuƙa motar wani kamfanin lemon kwalba a hanyar Zariya. Akwai ɗakin gwaje-gwaje a cikin kamfanin, inda Mista Chike yake duba ruwa da sukari kafin a zuba a kwalba. Wani gwajin sai ya dafa asid, tiririn kuwa ya fi barkono shaƙe mutum. Doka ta ce a yi wannan aikin cikin akwati mai gilashi a gaba, da bututu, da fanka mai fitar da tiririn ta saman rufi. An yi odar akwatin daga Ingila, jirgin ya maƙale a Legas wata da watanni.

Ni da bakina na ce wa manaja, “Ranka ya daɗe, a unguwarmu akwai wanda zai ƙera shi.”

Manaja ya yarda, ya ba ni takardar zanen akwatin. Kai, ranar da na kai wa Tanko zanen! Ya ajiye guduma, ya share hannu a riga, ya karɓi takardar da hannu biyu. Kwana tara ya yi a kai. Da muka ɗora akwatin a mota, har mutanen Tarauni sai da suka tako kallo. Shi ya kafa, shi ya ɗaura fanka, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai.

Mako uku bayan nan tari ya sarƙe Mista Chike, idanunsa suka yi jawur. Ga kuma takarda ta zo cewa sufeton duba masana'antu zai zo ranar Litinin. Manaja ya kira ni, ya ce in akwatin ya faɗi gwaji a bola zai jefa shi, kuma kowa a Kano sai ya ji aikin wane ne. Wallahi Tanko ba shi da gona, ba shi da shanu, sunan nan nasa shi ne dukiyarsa.

Da na gaya masa sai ya hau ni da faɗa. “Mu'azu, aikina ne zai yi yoyo? Ni?”

Litinin da sassafe ya fito da kaskon turaren wutar matarsa Ladi, da garwashi a ciki. Haka yake gwada bututun gidan burodi, ya bi hayaƙi da ido ya ga inda ya nufa. Ladi na ta mita daga zaure, wai turaren bikin ƙanwarta ne ya kwashe. Ko waiwayowa bai yi ba.

Muka isa. Ya ajiye kaskon cikin akwatin, ya barbaɗa turare, ya ce a kunna fanka. Jama'a! Maimakon hayaƙin ya hau bututu, sai ya yo waje gaba ɗaya, ya lulluɓe fuskar Mista Chike. Ɗaki ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Mista Chike ya leƙa sama yana tari. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ce, “Malam Tanko, wa ya juyo da fankar nan ciki?”

“Ni mana. A zanen an ba ka ƙeyarta, na ce Bature ya yi kuskure. Fanka ai mutum take yi wa fifita. Ina ganin ka a tsaye kana gumi, sai in bar iska ta tafi wa tsuntsaye?”

Na riƙe ciki, dariya na neman kashe ni, ga tsoro kuma, don mai gadi ya leƙo ya ce motar sufeto ta shigo. Tanko ya cire hula ya cilla mini, ya haye tebur da sukundireba. Ban taɓa ganin hannu da sauri haka ba. Noti huɗu ya kwance, ya juya fanka, ya ɗaure, ya diro daidai lokacin da manaja ya shigo da baƙon.

Sufeto ya shaƙi iska, ya ce, “Biki ake yi a nan?”

Tanko ya ce, “Gwaji ne, ranka ya daɗe. A kunna.”

Aka kunna. Hayaƙin ya miƙe zar, ya shige bututu, ko ɗigo bai leƙo waje ba. Sufeto ya fito da wani ɗan siririn ƙyalle ya riƙe a bakin gilashi, iska ta ja shi ciki. Ya sa aka ɗaga gilashin, aka sauke, duk ɗaya. Ya sa hannu a takarda. Na fita da gudu na danna ham ɗin motata har sai da mai gadi ya zage ni!

Da na dawo, ban sami Tanko cikin masu murna ba. Yana tsaye yana kallon Mista Chike, wanda ya ɗora asid ɗinsa a wuta yana numfashi lafiya lau. Idon taubashina ya ciko da ƙwalla.

“Mako uku ina hura maka guba,” in ji shi. “Ka yafe mini. Sanyi na so ka sha.”

Mista Chike ya kama hannunsa ya ce, “Na sani, Malam.”

Sunan Tanko ya tsira, sai dai ya ƙaru, don har ya rasu Tanko Juya Fanka muke kiransa. Ba wanda ya sa shi, amma shekara goma sha ɗaya duk Litinin sai ya hau kekensa da kaskon Ladi a baya, ya je ya tsaya a gefen Mista Chike ya ga inda hayaƙi ya nufa.