Ranar da Na Soke Jihohi Shida

Na shafe shekaru masu yawa a harkar gasar kacici-kacici ta makarantu, wadda ɗalibai suka fi kira kwiz. Na fara a kujerar ɗan takara, na ƙare a teburin masu tsara tambayoyi da tace su. Tambayoyin da suka bi ta hannuna Allah kaɗai Ya san adadinsu, kuma akasarinsu sun fice mini daga kai. Amma akwai guda ɗaya da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido. Abin haushin ma, tambaya ce da ɗan firamare zai amsa yana ɓare gyaɗa.

A shekarar da aka ciro Jihar Nasarawa daga Filato ne, ina ajin ƙarshe na sakandare a Keffi. Gidanmu na Gangaren Tudu, kuma a unguwar an san ni da abu ɗaya: in dai kwiz ne, a bar wa yaron nan. Ni ma na yarda da haka har na zarce. Malamin da ke horar da mu yana da wani kwali cike da tsofaffin katunan tambayoyi na shekarun baya, tambaya a gaba, amsa a baya. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ba abin da ka sani ake tambayarka ba, abin da ke bayan kati ake tambayarka." Na haddace kwalin nan tas, har nakan gane salon mai rubuta tambaya kafin a kai ƙarshenta.

'Yan makonni bayan sanarwar sabuwar jiha aka yi zagayen ƙarshe na shiyyarmu. Kujera ɗaya ce tak: wanda ya ci shi zai tafi Lafiya, sabon babban birni, ya wakilci shiyya. Aka yi ta zubar da 'yan takara har muka rage mu biyu, ni da wata yarinya daga wata ƙaramar makaranta ta wajen Agwada. Siririya ce, ba ta da hayaniya, Hausarta da ɗan karkacewar harshen garinsu. Da farko na raina ta, ba zan ɓoye ba. Kafin a je ko'ina ta nuna mini ruwa ba sa'an kwando ba ne. Na ci, ta ci. Na faɗi ɗaya, ta faɗi ɗaya. A can bayan zauren kuwa akwai wani dattijo da hular kaba a hannu da ƙaramar rediyo rataye a kafaɗa. Duk amsar da ta bayar sai ya ɗan miƙe ya koma. Ba sai an faɗa maka mahaifinta ne ba.

Muka iso tambaya ta ƙarshe makinmu ɗaya, kuma tata ce. Dokar a fili take: in ta amsa daidai ta ci gasa, in ta kuskure tambayar ta dawo kaina a matsayin bonas. Mai gabatarwa ya zaro kati daga ambulan ya karanta: "Jihohi nawa ne a Najeriya?"

Ko numfashi ba ta ja ba. "Talatin da shida," in ji ta.

Dattijon nan ya miƙe gaba ɗaya yana tafi shi kaɗai. Ni kuwa har na fara tattara birona, don na san ta gama da ni. Sai na ga mai gabatarwa ya juya katin, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Ba daidai ba. Bonas."

A daƙiƙar nan na gane abin da ya faru. Katunan daga Jos aka aiko su, an rubuta su an liƙe ambulan tun kafin a ƙara jihohi shida. Na sani sarai. Ni da na bi ayarin murna har tsakiyar gari ranar da aka ba mu jiha! Amma bakina ya riga zuciyata.

"Talatin," na ce.

"Daidai!"

Zaure ya kaure. 'Yan makarantarmu na ihu, sauran mutane na "A'a! Haba!" Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ɗaga hannu ta yi kamar a aji, ta ce wa mai gabatarwa, "Malam, in jihohi talatin ne, to mu a wace jiha muke zaune yanzu?" Wasu suka fashe da dariya. Shi kuwa ya waiwayi alƙalan gasa.

Alƙalan suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. A takardar doka an rubuta cewa abin da ke bayan kati shi ne hukunci, kuma ba wanda yake son a ce shi ya karya dokar da aka aiko daga sama. Shugabansu wani tsohon hedimasta ne mai furfura. Ina jin ƙofa ya so ya buɗe mini, don ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, kai da ka ce talatin, iyakar saninka ke nan?"

Da na ce a'a, da an soke tambayar an zaro wata. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Na hango malaminmu yana girgiza mini kai a hankali. Na ce, "Ranka ya daɗe, haka yake a littafinmu."

Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta sunana. Da na waiwaya bayan zaure, dattijo mai rediyo ya riga ya zauna, hularsa a kan gwiwa.

Na je Lafiya, aka fitar da ni a zagaye na biyu, ba wani abin a-zo-a-gani. Rayuwa ta ci gaba. Na yi kwiz a jami'a, daga baya na zama mai tsara wa makarantu tambayoyi. Da Abuja ta bunƙasa, makarantu suka yi ta tsirowa daga Maraba har Keffi, kowacce na son gasa, aiki ya yi mini yawa. Abokan aikina sun san ni da tsanani. Duk tambayar da amsarta kan iya canjawa, ko adadin wani abu ko mai riƙe da wani muƙami, sai na sake bincika ta da safiyar ranar gasa, ko in jefar da ita. Suna yi mini tsiya wai ni ne mai wankin kati. Ban taɓa gaya musu dalili ba. A raina kuma na ɗauka da wannan tsananin na biya abin da na yi.

Wata rana muna shirya gasa a wata makaranta a unguwar Liman Abaji ta Keffi, ina jera katuna a tebur, sai wata malama ta shigo da ɗalibanta mata uku. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, sannan ta juya ta ce musu, "Ku gaida Malam da kyau. Wannan da kuke gani, shi kaɗai ya taɓa soke jihohi shida da bakinsa." Ta yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ita ce, yarinyar nan ta wajen Agwada.

Da aka tashi hutun rabin lokaci na same ta a inuwar wata bishiyar mangwaro. Na ce, "Malama, na daɗe ina neman inda zan ba ki haƙuri."

"Haba Malam, yarinta ce," in ji ta. "Lafiyar da ban je ba a lokacin, daga baya har na gaji da zuwanta. Ni ba ka rage ni da komai ba." Ta kaɗe alli daga zanenta. "Baba ne dai."

Ta ce mahaifinta bai yi boko ba, amma ba ya rabuwa da rediyo ko a gona. Ranar da aka yi sanarwar, shi ya kira ta ya lissafa mata sababbin jihohin da yatsunsa, ya ce ta riƙe, za a iya tambaya. A hanyarsu ta komawa gida bayan gasar sai da suka kusa gari ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Ni na sa kika faɗi. Da na bar ki da littafinki." Ta yi ta rantse masa cewa shi ne da gaskiya. Ya ce manyan malamai har uku sun zauna sun yanke, shi wa?

"Ya ci gaba da jin rediyonsa," in ji ta. "Amma har ya rasu bai ƙara kirana ya ce zo ki ji abin da aka faɗa ba."

Aka buga ƙararrawa, ta tattara ɗalibanta suka koma zaure. Ni ma na koma teburina na ci gaba da aiki, don ba abin da ya rage da zan iya gyarawa.

Shekara da shekaru ina zaton kujera na ƙwace wa wata yarinya, ashe wani dattijo na raba da yarda da kansa a gaban 'yarsa. Abin da na koya shi ne, in ka san gaskiya ka faɗi akasinta don kawai shi ke rubuce a bayan kati, ba kai za ka zaɓi wanda abin zai faɗa wa ba. Yanzu duk matashin da ya zo koyon aiki a wurina, kafin in ba shi kati ko ɗaya nakan ce masa ya tuna akwai wani a bayan zaure da zai ɗauki hukuncinmu ya tafi da shi gida.