Zanen da Na Yi wa Bindigar Baban Abokina

Shekarun baya, da ciwon ƙugu ya hana ni sunkuyo a gonar shinkafa, sai na koma zaman koyo wajen wani tsohon masassaƙi a bayan kasuwar Bunkure. Ƙotar fartanya dama na iya. Zanen ƙotar bindiga na je koya, layukan nan da ke gitta juna kamar raga.

Wata biyu ina ɓata masa guntayen maɗaci. In ya duba sai ya ce, "Kai ɗan nan, zane kake ko hanyar ban-ruwa kake haƙa?" Ni da furfurata.

Ranar da ya tafi ta'aziyya Madobi, abokina ya kawo bindigar toka da yake korar tsuntsayen jan-baki da ita a gona, a yi mata zane. Na ce ai na iya. Ya ce, "To bi a hankali, ita kaɗai Baba ya bar min."

Ni ban taɓa harbi ba. Na ga wuri mai faɗi a gindin ƙotar, ya yi baƙi yana sheƙi, na ɗauka dauɗa ce. Na kankare, na zuba zane. Wallahi ban taɓa yin mai kyansa ba.

Kwana biyu sai ga shi da kunci a ɗaye, zanen ya karce shi da ya yi harbi. "Sannu gwani. Gidanmu ba ma tsaga, ka yi min da girmana." Ya yi dariya, amma yana ta shafa wurin. Can ya ce, "Baƙin nan da ka kankare, kuncin Baba ne ya yi shi."

Da tsohon ya dawo, na nuna masa aikin.

Tsohon ya ɗora min bindigar a kafaɗa. "Ina hannunka? Nan ake zane, don kada gumi ya sa ta zame. Ina kuncinka? Nan ba a taɓawa."

Na goge zanen da magagari, na shafa man gyaɗa, wurin ya tsaya fari fat. Na ce wa abokina a sassaƙa masa sabuwar ƙota. Ya ce, "Bar ta. Nawa kuncin zai mayar da shi."

Har yau ba na sa ƙarfe a kayan mutum sai na ce ya riƙe na gani. Bara na ga bindigar a gonar abokina, wurin ya fara duhu.