Fari Ɗaya, Ja Ɗaya

Ina kan keken ɗinki, ina ɗinke bakin wani zani, maƙwabcinmu na Gyadi-Gyadi ya kira ni a waya ya ce in zo gida yanzu, Auta ya yi hatsari a titin Zariya. Na tambaye shi wane asibiti aka kai shi. Ya ce in dai zo gida. Daga nan na gane. Na sauke ƙafata daga kan keken, na ninke zanin, har na tsaya neman murfin kwalbar man keke, don ban san abin da mutum yake yi da hannuwansa a irin wannan lokaci ba. Tifa ce ta haye adaidaita sahun da yake ciki. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Auta ƙanena ne. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, kakarmu ta wajen uwa ta raine mu. Ni na yi aure a Tarauni, shi ya ci gaba da zama da Kaka, a ɗakin da ke jikin soro. Bai yi aure ba. Duk wanda ya yi masa maganar sai ya nuna tsohuwar ya ce ga matarsa nan, ta ishe shi fitina. Ita kuma Maigida take kiransa, ko ja'iri, gwargwadon abin da ya yi mata a ranar.

Bayan la'asar a ranar rasuwar, mata sun cika tsakar gida, wata malamar Islamiyya tana yi mana nasiha a kan haƙuri, kowa ya sunkuyar da kai. Sai muryar Auta ta tashi daga ƙarƙashin mayafin Kaka, da ƙarfinta:

"Amarya! Tashi ki sha magani. Fari ɗaya, ja ɗaya. Kar ki mutu ki bar ni da gwauranci, kin san babu mai aurena da wannan ƙeyar."

Gwaggonmu da ta zo daga ƙauye ta yi tsalle ɗaya sai ga ta a bakin soro, babu takalmi. Malama ta kama a'uziyya ta kasa kai ƙarshenta. Kaka kuwa ta laluba gefen tabarma, ta jawo gwangwanin alewar da take zuba ƙwayoyinta, ta ce a miƙo mata ruwa. Ta haɗiye fari da ja, ta ciro wayarta daga ƙarƙashin mayafin, ta dangwala yatsa a inda ya koya mata. Muryar ta ce, "Yauwa, 'yar albarka."

Kaka ta ce, "Ja'iri. To yanzu wa ya bar wani?"

Ni na fara dariya, Allah ya yafe mini. Abin da ya biyo bayan dariyar ba sai na rubuta ba.

Sana'ar Auta ke nan, haɗa ƙananan manhajoji, wato abubuwan da ake sa wa kwamfuta ko waya su yi wani aiki. Ba a jami'a ya koya ba. Shekarun da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, shagunan buga takardu suka ɓarke a Gyadi-Gyadi saboda ɗaliban asibitin koyarwa, shi kuma ya gama sakandare yana zaman banza. Ya samu aiki a ɗaya daga ciki, yana buga wa 'yan makarantar nas takardunsu. In babu aiki kuma akwai wuta, sai ya buɗe wani ƙaton littafin koyon haɗa manhaja da aka yi hotonsa har sau nawa, rubutun ya koɗe, yana kwafa yana gwadawa. Kaka ta ce ta ga masu duba iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda yake zagin allonsa ba sai shi.

Na farko da ya yi, na wani mai kemis ne a layinmu, yana nuna masa maganin da ya kusa lalacewa. Daga baya, da manyan wayoyi suka zo, ya yi wa ɗaliban nas na tambayoyin jarrabawa, suna tura wa juna daga waya zuwa waya. Ba shi da kamfani, ba shi da ubangida. Shi ne mai rubutawa, shi ne mai gwadawa, shi ake kira a zaga in abin ya tsaya.

Ni ma ya yi mini nawa, na ajiye awon masu kawo ɗinki, ya sa mini a wata tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa. Ya yi mini amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai ranar da wata Hajiya 'yar kasuwa ta zo, mace mai jiki, na auna ƙugunta na shigar. Kwamfutar ta yi ƙara, ta rubuto da manyan baƙaƙe: WANNAN BA MUTUM BA NE, SAKE AUNAWA. Hajiya tana tsaye a bayana, kuma ta yi boko. Ta naɗe atamfarta ta fita, har yau ba ta dawo ba.

Da Auta ya zo, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya buɗe cikin abin, ya sauya lamba ɗaya, shi ke nan. Na ce ya yi mini wurin da zan riƙa sauyawa da kaina.

Ya ce, "Na mene ne, Yaya? Ai ina nan. Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni ko a ƙafa na zo."

Haka yake aikinsa duka. Komai a ciki yake dasa shi, inda babu mai iya taɓawa sai shi. In mai kemis yana son ƙari, ya kira shi. In ɗalibai sun ga kuskure, su tare shi a wurin mai shayi. Na Kaka ma haka ya yi shi, lokacin da hawan jini ya kama ta, tana mance magani, in an tuna mata ta yi faɗa. Ya gane ba ta jin maganar kowa sai ta wanda zai tsokane ta. Ya naɗi muryarsa, ya dasa safe da bayan la'asar, ya dasa fari da ja. Ba ta sake tsallake ko sau ɗaya ba.

Bayan arba'in na kai ta ganin likita, don tana yawan cewa ƙasa tana juya mata. Likitan ya auna ta a zaune, ya auna ta a tsaye, ya ce jinin yana sauka fiye da kima, ta bar farin gaba ɗaya, ta ci gaba da jan kawai. Ya maimaita mini sau biyu, ya ce faɗuwa a shekarunta ba abin wasa ba ce. Kaka ta ce masa to, ta sa masa albarka. Muna dawowa gida la'asar ta yi, waya ta ce fari ɗaya, ja ɗaya, ta haɗiye duka biyun ina kallo.

Na ce, "Kaka, ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

Ta ce, "Wannan yaron? Yaushe aka yaye shi? Maigida shekara nawa yana ba ni magani, na mutu?"

Na kwashe fararen na tafi da su Tarauni. Washegari ta ɗauki sandarta da tsohon kwalin, ta taka har kemis da kanta ta sayo wasu. Na roƙi mai kemis ya daina ba ta, sai ta tsallaka titi ta je wani. Na ce ta ba ni wayar a gyara, ta tura ta cikin lalitarta ta ɗaure. Ana haka wata safiya ta tashi daga alwala jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a gindin famfo, goshinta ya fashe. Allah ya sa matar da ke haya a gidan tana nan.

Ina wanke mata ciwon ina faɗa, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Abin da ya rage yana ce mini ke nan a duniya. Ki bar ni in amsa masa."

Na shiga ɗakinsa, karo na farko tun rasuwar, na ɗauki kwamfutarsa ta hannu na kai wa abokinsa da ke gyaran waya a kasuwar 'yan waya ta Tarauni. Tare suka koyi abin, shi kaɗai ya san lambar buɗe ta. Ya daɗe yana dubawa yana girgiza kai.

Ya ce, "Yaya, mutumin nan Allah ya jiƙansa, amma rubutunsa kamar ɗakinsa yake. Ji abin da ya rubuta wa kansa a nan: kar ka taɓa wannan layin, ban san dalilin da ya sa yake aiki ba."

Ya ce zai iya yanke "fari ɗaya" daga muryar, amma sai an kawo wayar an goge tsohon an sa sabo. Na ce wayar tana cikin lalita, kuma Kaka ta san inda yake jan numfashi a maganar nan, za ta gane an taɓa. Ya ce to akwai na'urar da take kwaikwayon muryar mutum ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Na ce a'a. Ba zan sa wa mamaci magana a baki ba.

Har na fara naɗe igiyar cajin kwamfutar ya ce in tsaya. Ya ga wata jaka a cikin kwamfutar, an sa mata suna "Amarya sabuwa". Ashe Auta ya fara sake ginin abin, wanda za a iya sauya magani ba sai an kira shi ba. Ya zana wani madanni, an rubuta "Canja magani" a kai, amma in an danna babu abin da ke buɗewa. Akwai kuma murya guda ɗaya da ya naɗa. Abokin ya kunna.

"Amarya, saurara da kyau. Likita ya ce farin nan..." Sai hon ɗin adaidaita sahu ya katse shi daga waje. Ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ce, "Kai, mutanen nan. Bari in sake." Nan ta ƙare.

Ban san abin da zai ce ba. Wataƙila gwaji kawai yake yi, wataƙila cewa zai yi a ƙara. Na dai ce a tura mini ita a wayata, na hau adaidaita na nufi Gyadi-Gyadi.

Na gaya wa Kaka gaskiya, cewa a kwamfutarsa aka samo, kuma tun kafin mu je asibiti ya naɗe ta. Ta karɓi wayar ta kara a kunne. Ta ce in sake kunnawa. Sau uku ta ji. A na ukun ta yi dariya tare da shi a wurin hon ɗin.

Ta ce, "Ɗan nema, ko magana ba ya iya ƙarasawa." Can ta dube ni ta ce, "To ke, me likitan ya ce da farin?"

Na ce, "Ya ce ki bar shi."

Ta jawo gwangwanin, ta tsince fararen ɗaya bayan ɗaya ta zuba mini a tafin hannu. Ta kwance bakin zaninta ta ƙaro wasu huɗu da ban san da su ba.

Yanzu safe da la'asar waya tana cewa fari ɗaya, ja ɗaya, Kaka ta haɗiyi ja, ta ce masa ya je ya tambayi yayarsa. Jirin ya tafi. Wayar ce ta fara tsufa, ba ta riƙe caji, fuskarta ta tsage a gefe. Abokinsa ya ce in Kaka ta yarda ta ba da ita na yini ɗaya, zai kwashe komai ya ƙarasa sabuwar manhajar ya sa a wata wayar. Na yi mata maganar sau biyu, ta ce sai ta yi shawara. Kwamfutar tana shagonsa, madannin nan har yanzu ba ya buɗe komai.